Ku Ajiye Gatarin Tukuna

Ku gama dariyar, ina jira. Na san abin da ya tayar da ita: kun ji an ce a Ingila akwai mutumin da abincinsa ke nan, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kifa hular kwano, ya ɗare tsohuwar bishiyar ok wadda ruɓa ta cinye wa ciki, ya yini yana datse mata bakin rassa, da yamma ya sauko ya miƙa takardar kuɗin aiki. Wai kuma likitan bishiya sunansa. Mu nan sai mun yi sammako mun kama layi kafin mu ga likitan mutane, su can har ice ya samu nasa. Na yarda, abin da ban dariya. Amma in kun share hawayen ku matso, domin mutumin nan ya san abin da yake yi, shawarwarin da nake jin kuna jefowa daga inda kuke zaune kuwa, in aka bi su, bishiyar ba za ta ga baɗi ba.

Malam mai gatari, kai ka riga kowa ɗaga hannu. Ka ce abin da ya ruɓe ya ruɓe, a kwantar da ita kafin ta kwantar da wani. To, Malam, me ya ruɓe ɗin? Ran bishiya ba a cibiyarta yake ba. Abin da ke raye a kututturen ok bai wuce cikin ɓawo da ɗan ɗanyen icen da ke bayansa ba. Ta nan ruwa ke hawa, ta nan abincin da ganye ya haɗa ke gangarowa zuwa saiwa, nan ne kuma take ƙara sabon zobe duk shekara. Tsakiyar kam ta daɗe da ajiye aiki. Yawancin funfunar da ke shiga tsofaffin ok wannan tsakiyar take ci, kuma ba ta gaggawa.

A Bowthorpe, cikin gundumar Lincolnshire, akwai wata ok da ake ƙiyasta ta kai shekara 1,000, kewayen kututturenta ya wuce mita 12. Cikinta fayau yake. Tun a ƙarni na 18 aka gyara kogon, aka sa masa ƙofa da wurin zama, har liyafa aka riƙa ci a ciki. Da kai ne mai gonar a wancan zamani, da tuni an dafa tuwo da ita an manta. Abin mamaki ma da kai, Malam, kai da ka tashi kana wucewa ta gaban kuka mai kogo. Ka taɓa jin an ce a sare ta don ta yi kogo? Iyaka a ce da iskoki a ciki, yara su daina bi ta wurin da magariba, ita kuwa ta ci gaba da ba ku miya.

Daren 15 ga Oktoba 1987, wayewar 16, guguwa ta bi kudancin Ingila ta kayar da bishiyoyi kimanin miliyan 15. Da gari ya waye, masu kula da dazuzzuka suka ga abin da ya ɗaure musu kai: samarin bishiyoyi masu cikakken jiki da dogon wuya sun zube, tsofaffi masu kogo da gajeren kai kuwa da yawansu suna nan daram.

Hajiya, na ga kina murmushi, kin ɗauka na shigo layinki. Kin ce to madalla, tun da kogo ba mutuwa ba ne, a bar kaza cikin gashinta. A'a, Hajiya, ban ce haka ba. Funfuna iri-iri ce, kuma kowace da inda take ci. Zo mu durƙusa a gindin wata ok a ƙarshen lokacin zafinsu. Kin ga wannan dunƙulen da ya ɓullo tsakanin manyan saiwoyi biyu, dab da ƙasa, bakinsa fari-fari mai laushi, duk jikinsa na tsatsar da ɗigon ruwa mai launin zuma? Kyakkyawa ne, ba musu, masu ɗaukar hoto na son sa. Masana na ce masa Pseudoinonotus dryadeus, kuma abin da kike gani leƙe kawai ya yi. Ainihin jikinsa zare-zare ne da suka daɗe da ratsa cikin ice. Shi gindi da ƙarƙashin saiwoyi yake ci, inda ido ba ya kaiwa, ya mayar da ice fari mai taushi. Kan bishiyar na iya zama kore shar alhali abin da ya riƙe ta a ƙasa yana ƙarewa. In kika fizge dunƙulen kika yar, ba abin da kika rage, sai ma kin ɓatar wa mai dubawa shaida.

Ɗaga kai kuma ki ga wancan jan da ya fito a jikin kututture, mai siffar hanta, wanda in an yanka shi har jan ruwa yake fitarwa. Wannan Fistulina hepatica ne, mai cin tsakiya a sannu; ok takan zauna da shi shekara da shekaru ko tari ba ta yi ba. Akwai kuma wani mai ruwan ɗorawa, hawa-hawa, da ke mayar da tsakiya ja-ja, ta tsattsage gida-gida, ta riƙa marmashewa a hannu. Tsohuwar ok da ba ta da ruɓa ko kaɗan sai an tona. Don haka abin da mai dubawa ke son sani uku ne: wace iri ce, a ina take, kuma nawa ya rage na lafiyayyen ice.

Da 'yar gudumar roba yake farawa. Ya zagaya gindin yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne; lafiyayyen wuri amsawa yake da tauri, a taƙaice, inda ya yi kogo kuwa sai ka ji sauti ya zurfafa. In ya yi shakka, sai ya kafa 'yan ƙusoshi kewaye da kututture, ya haɗa su da na'ura, ya riƙa bugunsu ɗaya bayan ɗaya. Sauti gudu yake a lafiyayyen ice, ya yi nawa a ruɓaɓɓe, kwamfuta ta auna ta zana hoton cikin da launuka. Akwai kuma siririyar allura mai huda ice tana rubuta taurin duk inda ta ratsa.

Ɗan boko, fito da biro, ga rabonka. Wani masani Bajamushe, Claus Mattheck na Karlsruhe, ya yi suna a shekarun 1990 da wani ma'auni: ka auna daga ɓawo zuwa cibiya, in lafiyayyen bangon da ya rage bai kai kashi 30 cikin 100 na wannan tsawon ba, kuma bishiyar na ɗauke da cikakken kai, to a fara damuwa. Kututturen da faɗinsa mita ɗaya ne, bangon santimita 15 ke nan. Yi lissafin injiniya da kanka: bututun da aka rarake haka yana nan da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin jure lanƙwasa da yake da shi lokacin da yake cike. A gefe nauyin lanƙwasa ke sauka, cibiya 'yar rakiya ce. Abokan sana'arsa sun yi ta ja da shi a kan wannan 30 ɗin, domin akwai tsofaffi masu ƙaton jiki da bangonsu bai kai haka ba, suna tsaye abinsu. Amma duba sharaɗin da ke ciki: cikakken kai. Waɗancan tsofaffin da suka tsallake guguwar 1987 ba su da shi.

Abin da ke kayar da bishiya iska ce, kuma a ganye take kamawa. Duk wanda ya taɓa hawa babur da babbar riga ranar da hadari ya taso ya san zancen: ba ka roƙon iska ta sassauta, ba ka kuma tuɓe rigar ka yar, naɗe hannuwanta kake yi a kafaɗa. Ƙarfin da ke murɗa gindin bishiya shi ne turin iska a ninka shi da nisan inda ta kama daga ƙasa. A can ƙololuwa iska ta fi ƙarfi, nan ne kuma ya fi nisa da gindi, saboda haka mita biyu da aka rage a sama suna sauke wa gindi nauyi fiye da yadda ido zai zata. Haka dogon reshen da ya miƙe a kwance: rage masa baki, mahaɗarsa ta huta. Ruɓar tana nan, ba wanda ya ce an warkar da ita. An dai daidaita kayan da ke sama da ƙarfin da ya rage a ƙasa, an ba bishiyar sarari ta ƙara sabon ice a gefe, domin ok takan kumbura gindi ta yi kauri daidai inda take jin nauyi.

Ita ma da kanta take yin wannan in an ƙyale ta. In tsufa ya kama ta sai ta saki rassan ƙololuwa su bushe, ta fito da sabon kai ƙasa-ƙasa, ta gajarce ta yi faɗi. Wanda bai sani ba, in ya ga busassun rassan sun yi cirko-cirko a sama, sai ya ce mutuwa take, alhali tattara kayanta take yi. Likitan da kuke wa dariya wannan yake kwaikwayo, sai dai shi ba ya jiran reshen ya sauko kan motar maƙwabci.

Yauwa, ga wanda nake jira, maigidan da ya saba sa yara su yi wa dalbejiyar ƙofar gida kwal-kwabo. Ka ce in dai kai ne matsalar, a fille shi gaba ɗaya a huta. Alhaji, dalbejiyarka jininta a jika yake, ka sare ta yau, damina ɗaya ta mayar. Wannan tsohuwa ce mai jinya. Ganyen nan da kake son zubarwa shi ke ciyar da ita. Da abincin da yake haɗawa take tare ruɓa, da shi take raya saiwoyin da funfuna ke ci. Ka zubar da shi rana ɗaya, saiwoyi su ji yunwa su mutu, funfuna ta samu gayya. Ga kuma manyan raunukan zarto da ba za su taɓa rufewa ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ta yi ta maza ta yi toho, tohon a fatar ice yake manne, ya yi tsawo da sauri, bayan 'yan shekaru ya zama sabon abin faɗowa. Garin neman gira an rasa ido. Ardo ne kaɗai bai yi dariya ba tun ɗazu, don shi ba baƙon zancen ba ne: makiyayin kirki in ya hau gawo da rani ya saro wa dabbobi ganye, ba ya tsiraita shi, ya san baɗi zai dawo.

Ga yadda ake yi. Mai hawa ya bi reshe har kusa da baki, ya nemi inda wani ƙaramin reshe mai rai ya rabu da shi, wanda kaurinsa ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wanda za a cire. Ya fara tsagawa ta ƙasa don kada nauyi ya ɓare ɓawo, ya yanke ta sama ya sauke da igiya, sannan ya gyara bakin dab da mahaɗa. Ba ya barin dungu, ba ya kuma shiga jikin magajin. Ƙaramin reshen nan shi zai ci gaba da jan ruwa, raunin ya samu mai rufe shi. Haka zai yi ta yi, reshe bayan reshe, wani ma da ɗan zarton hannu. Ƙa'idar aikin bishiya ta Birtaniya, BS 3998 ta 2010, ta ja kunne a kan wani abu da ke yaudarar ido: rage kashi 12 cikin 100 kacal na tsawon rassa daidai yake da zubar da kusan kashi 30 na girman kan gaba ɗaya. Shi ya sa ake so takardar aiki ta faɗi mita nawa za a cire da yadda bishiyar za ta tsaya bayan an gama, maimakon a ce wa mai zarto ya rage kashi talatin a juya baya. In kuma tsohuwa ce sosai, ba a gamawa a zuwa ɗaya. A rage kaɗan, a ba ta 'yan shekaru a ga ko ta yi toho daga ciki, in ta amsa a ƙara. Shirin yakan ci shekara 10 ko 20, har wanda ya fara ya yi ritaya wani ya gada. Aikin da ya yi kyau, mai wucewa ba zai ma san an taɓa ta ba, abin da ke ƙona ran mai biyan kuɗi ke nan.

Na ji wani daga can baya ya ce a yi feshi, ko a kwashe ruɓar a cika kogon da siminti. Ka makara, an riga ka. Turawa sun daɗe suna cusa wa bishiyoyi siminti da bulo, suna shafa wa raunuka kwalta da fenti. Sai wani Ba'amurke, Alex Shigo, ma'aikacin hukumar gandun daji ta Amurka, ya tsattsaga dubban bishiyoyi da zarto yana bin sawun ruɓa, ya nuna a shekarun 1970 cewa bishiya killace rauni take yi: ta ja shinge kewaye da ruɓar, ta ci gaba da girma a waje. Mai kankare kogo shingen nan yake fasawa. Fenti bai hana komai ba, siminti kuwa iyakarsa ya laɓe a ciki ya karya haƙoran zarton wanda zai zo daga baya. Feshin da zai bi funfuna cikin kututture ya kashe ta, babu shi.

Taubashina Bakano, na ga tun ɗazu kana danna kalkuleta. Ka ce a sare sau ɗaya a biya sau ɗaya, a sayar da katako, riba biyu. Fara da tambayar ko doka ta yarda. A Ingila ƙaramar hukuma na iya sa wa bishiya takardar kariya ko da a tsakar gidanka take; daga nan ba ka datse mata ɗanyen reshe sai ka nemi izini, su kuma suna da mako 8 su ba ka amsa. A unguwannin tarihi da aka keɓe, sanarwar mako 6 ake bayarwa. Wanda ya yi gaban kansa ya hallaka ta, a da tara na iya kaiwa fam 20,000 a ƙaramar kotu, tun 2015 kuwa ko a can ba ta da iyaka. Danna wannan ka gani a naira. Sannan akwai 'yan haya. Jemagu na kwana a kogon, doka kuwa ta hana a taɓa makwancinsu. Tsuntsu mai sheƙa ma dokar 1981 ta tsaya masa. Wani bincike na 2019 ya lissafa halittu kimanin 2,300 da ke cin arzikin ok a Birtaniya, tsuntsaye, ƙwari, funfuna da sauransu, 326 daga ciki ba su da wani gida sai ita. Da yawansu ruɓar nan da kake ƙyama suka zo ci. In ka dasa sabuwa yau, sai jikan jikanka ya yi furfura ba ta yi kogon da zai ɗauke su ba. Tsoron ta kashe wani kuwa, a duk Birtaniya mutum kamar 6 ke rasuwa a shekara sanadiyyar faɗowar bishiya ko reshe, kusan ɗaya cikin miliyan 10. Kai da ke tsallaka titi a bakin kasuwar Kwari kana amsa waya, ba kai za ka yi mana wa'azin hatsari ba.

Ban ce kullum ake dacewa ba. Bishiyar cesnat ɗin nan ta Amsterdam, wadda Anne Frank ke hangowa daga maɓoyarta, funfuna ta ci ta. An rage mata kai, hukuma ta ba da izinin sarewa, kotu ta dakatar a Nuwamba 2007, aka yi mata tokari na ƙarfe. Ranar 23 ga Agusta 2010 iska ta karya ta dab da gindi, Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Malam mai gatari, ɗauki wannan ka riƙe, naka ne, ko da yake icen irin wannan cesnat ɗin ba shi da juriyar ruɓa irin ta ok. In saiwoyi sun ƙare, ga makarantar yara a ƙarƙashi, ba mai cewa a tsaya ado: a sauke ta, ko a bar guntun kututture a tsaye wa ƙwari da tsuntsaye. In kuma a tsakiyar fili take, sau da yawa maganin da ya fi araha ko zarto ba ya so. A ɗauke bencin da ke ƙarƙashi, a karkatar da hanya, a ja shinge, shi ke nan.

Nawa kuma ga shi. A Afrilu 2025, a gandun Whitewebbs da ke Enfield a arewacin Landan, aka wayi gari an datse wata ok mai kusan shekara 500, kewayenta mita 6, an bar dungu. Kamfanin gidan abincin da ke haya a wurin ya ce an ba shi shawara cewa hatsari ce. Ƙaramar hukuma, mai filin, ta kai maganar wurin 'yan sanda, jaridu suka yi ca, shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Haƙuri dai ba ya mayar da reshe. Da an tsaya a kan gyara kayanka, da ba a kai ga sauke mu raba ba.

Bakano, kada ka tafi da fushi, na ajiye maka mai daɗi. Jan nan mai siffar hanta, kafin ya kai ga ruɓar da ice, rina shi yake fara yi, ya mayar da katakon ok launin ƙasa-ƙasa mai duhu, wanda kafintocin Ingila ke rububi suna biyan kuɗin da ya fi na katakon da bai taɓa ba. Ka ga ashe funfunar ma haja ce. Sharaɗin kawai ka bari iska ta kayar maka da ita da kanta, kuma masu igiyar nan, in aikinsu ya yi kyau, sun ɗaga maka ranar da shekara ɗari ko ɗari biyu. Sai ka sa a wasiyya.